Kafin Iyali Su Shiga Kwale-kwale: Nasiha Ga Matasan Yerwa

A makon da ya biyo bayan daren 9 ga Satumba, 2024, yaran Maiduguri da dama sun shiga kwale-kwale karo na farko a rayuwarsu, kuma a kan kwalta suka shige shi. Madatsar ruwa ta Alau ce ta ɓalle, kogin Ngadda ya cika ya batse har ya haura gadoji. Kafin gari ya waye ruwa ya malale Gwange da Fori, ya shiga Kasuwar Monday, ya kai fadar Shehu da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Kadoji da macizai suka fice daga gidan zu na Sanda Kyarimi. A titunan da 'yan Keke Napep suka saba jiran fasinja, masu kwale-kwale ne suka tsaya suna karɓar kuɗin fito. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna mutum fiye da 400,000 ne suka bar gidajensu, abin da garin bai ga irinsa ba tun ambaliyar 1994.

Da ruwa ya janye, wani abu ya fito fili: akasarin matasan birnin nan ba su san ruwa ba. Ba su iya iyo ba, ba su san yadda ake zama a cikin jirgi ba, ba su taɓa riƙe rigar kariya a hannu ba balle su ɗaura ta.

Amma sha'awar ruwan tana nan, wayar hannu ma kullum ƙara ta take yi. Duk mai leƙa Instagram ko TikTok ya sha cin karo da hotunan Positano, wani ƙaramin gari a kudancin Italiya da aka gina a jikin dutse, gidaje hawa-hawa masu launi iri-iri, wani a kan wani, har su gangaro bakin Bahar Rum. A ƙasan duwatsun sai ka ga uba da uwa da 'ya'yansu cikin siraran kwale-kwalen roba da ake kira kayak, kowa da filafilinsa, suna ratsa kogunan dutse suna dariya. Matashin da ya ga wannan ya ce shi ma yana son ya kai ƙannensa su ga ruwa ranar sallah bai yi laifi ba. A gidaje da yawa yanzu ma shi ne ke tsara fita: shi ke nemo mota, shi ke duba hanya a waya, shi ke tara kuɗin mai, shi ke ɗaukar hoto. Wanda ya tsara tafiya kuwa, amanar dawo da kowa gida tana wuyansa, shi ya sa wannan nasiha take fuskantarsa kai tsaye.

Borno ba baƙuwar ruwa ba ce

A shekarar 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, a ƙaramar hukumar Fune, ya ci karo da wani katako mai tauri a ƙarƙashin ƙasa. A lokacin yankin yana cikin jihar Borno, kafin a ƙirƙiro Yobe a 1991. Masana daga Jami'ar Maiduguri da takwarorinsu na Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka tono shi a 1994, sai ga kwale-kwale da aka sassaƙa daga gungumen itace guda, tsawonsa ya haura mita 8. Gwaji ya nuna ya kai shekara 8,000 a duniya. Ba a taɓa samun jirgin da ya kai shi tsufa a nahiyar Afirka ba, kuma yana cikin 'yan ƙalilan mafiya tsufa a duniya baki ɗaya.

A tsibiran Tafkin Chadi kuma, Buduma sun daɗe suna ɗaure doguwar ciyawar tafki su yi jirgi da ita, su yi su, su yi fito, su kai dabbobinsu daga tsibiri zuwa tsibiri. Gwanintarsu ta kai har a 1969 wani mai bincike ɗan ƙasar Norway, Thor Heyerdahl, ya ɗauki magina jirgi daga Tafkin Chadi zuwa Masar, suka ɗaure masa jirgin ciyawa mai suna Ra. Jirgin ya tashi daga garin Safi na Maroko, ya yi tafiyar dubban kilomita a Tekun Atlantika kafin ya lalace a bar shi, bai kai ga tsibirin Barbados da ya nufa ba.

To ina wannan ilmi ya tafi? Wani ɓangare ya bi ruwan da ya ja baya. A 1963 faɗin Tafkin Chadi ya kai murabba'in kilomita 25,000, amma farin shekarun 1970 da 1980 ya rage shi zuwa kusan kashi ɗaya cikin goma, garuruwan da ke bakin ruwa suka koma kan tudu. Sauran kuma rikici ne ya yanke shi. Tun 2009 hanyoyi suka yi wuyar bi, harin Baga na Janairun 2015 ya tarwatsa masunta, aka shafe shekaru sana'ar kifi tana tsaye. Wanda aka haifa a Yerwa, wato Maiduguri, wajen 2005 ya girma ne a cikin gari da shingen bincike, abin da ya sani game da tafkin bai wuce bandar da ake saukewa a Tashar Baga ba. Kakansa ya san lokacin da iska ke juyawa da inda dorina ke kwana. Shi kuwa hoton bidiyo ya gani.

Abin da hoton bai nuna ba

Gaɓar Amalfi, inda Positano take, ta shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 1997, kuma baƙi daga ko'ina suna tururuwa can kowace shekara. Mai kallon bidiyo yana ganin daƙiƙa talatin na dariya. Ba ya ganin abin da aka yi kafin a taɓa ruwa: jagora ya duba hasashen iska, ya tara mutane a bakin gaɓa ya nuna musu yadda ake riƙe filafili da abin da za su yi in jirgi ya kife, ya ba kowa riga daidai jikinsa, ya haɗa kowane yaro da babba a jirgi mai zama biyu. Galibi da safe ake fita, lokacin da teku ke kwance. In iska ta tashi, a soke tafiyar ko da an biya kuɗi.

Turawa ma da hawaye suka koyi wannan tsari. Ranar 22 ga Maris, 1993, ɗalibai takwas na wata sakandare a Plymouth, da malaminsu da masu horarwa biyu, suka tashi da kayak daga garin Lyme Regis a kudancin Ingila. Tafiyar gajera ce, bin gaɓa kawai za su yi zuwa wani ƙauye da ke kusa su dawo da rana tsaka. Tun ba a yi nisa ba jirgin malamin ya dinga kifewa. Kafin a gama taimaka masa, iskar da ke busowa daga tudu ta tura yaran cikin teku, taguwar ruwa ta cika jiragensu ɗaya bayan ɗaya. Ba su da abin yin alamar neman agaji. Mafi muni, lokacin dawowarsu ya wuce da sa'o'i kafin waɗanda ke tudu su sanar da masu ceto. Ɗalibai huɗu suka rasu. Kotu ta ɗaure shugaban kamfanin da ya shirya fitar, majalisar Birtaniya kuma ta yi doka a 1995 cewa duk kamfanin da ke kai yara irin wannan wasa sai ya mallaki lasisi.

Darasi biyu ke nan da suka shafi Alau kamar yadda suka shafi tekun Ingila. Kusancin gaɓa ba ya hana nutsewa. Sannan dole a bar wani a tudu wanda ya san adadin waɗanda suka shiga ruwa da lokacin da ya kamata su fito, wanda zai ɗaga murya da zarar lokacin ya gota.

Ranakun murna ne suka fi cin rai

Wanda ya bi labaran haɗarin jiragen ruwa a Arewa zai lura da wani abu mai tayar da hankali. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgi ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai a jihar Kano, ɗauke da ɗaliban Islamiyya daga ƙauyen Badau da za su je Mauludi. Aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara. A watan Mayun 2022, ana tsakiyar shagalin ƙaramar sallah, wani kwale-kwale ya kife a ƙaramar hukumar Mai'adua ta jihar Katsina, mutum fiye da goma suka rasu, su ma galibi yara. A watan Yunin 2023, 'yan biki da ke komowa daga jihar Neja zuwa yankin Patigi na jihar Kwara suka shiga jirgi cikin dare a kogin Kwara, jirgin ya daki kututture ya rabe, sama da mutum 100 suka halaka. Ranar 1 ga Oktoba, 2024, wani jirgin da ya kwaso ɗaruruwan mahalarta Mauludi, akasarinsu mata da yara, ya nutse da dare a yankin Gbajibo kusa da Mokwa.

Mauludi, sallah, biki. Ranakun da dangi ke haɗuwa ne, kowa na sauri, kowa na son ya zauna kusa da nasa, ba wanda ke son a bar shi a baya. Sai lodi ya wuce kima, a makara har duhu ya shiga, kuma ba mai riga ko ɗaya. A ƙauyukan da abin ya shafa akwai gidajen da aka rufe gaba ɗaya, domin uwa da 'ya'ya da jikoki duk suna cikin jirgi guda.

Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, mai hedikwata a Lokoja, ta hana tafiyar dare, ta hana lodin da ya wuce ƙa'ida, ta kuma wajabta sanya rigar kariya. Sai dai mashigai sun fi jami'ai yawa nesa ba kusa ba. A mafi yawan wurare, dokar da za ta yi aiki ita ce wadda fasinja ya kafa wa kansa da iyalinsa.

A bakin mashigi

Ga yadda abin yake kasancewa. Mota ta sauke iyali a bakin ruwa bayan la'asar, yara sun ruga gaba suna ihu. Kwale-kwalen katako yana ɗaure a gindin turke, an riga an ɗora buhunan masara biyu da babur a tsakiya, wani yaro yana kwashe ruwa daga cikinsa da yankakkiyar jarka. Mai jirgi yana kira: "Ku shigo, Alhaji, akwai wuri, yanzu za mu tashi." A nan ne matashin da ya tsara tafiya zai yi aikinsa, kuma idonsa kawai yake bukata.

Ya fara duba tazarar da ke tsakanin bakin jirgi da fuskar ruwa. In mutane sun zauna ya ga saura kamar faɗin tafin hannu ruwa ya shiga, jirgin ya cika, ko da akwai sauran wurin zama. Kwale-kwale a wannan hali kamar ƙwarya ce a kan ruwan randa: da an danna gefe ɗaya sai ta sha ruwa ta nutse. Ya duba ko ruwan da ake kwashewa yana raguwa ko komawa yake yi. Ya duba ko akwai filafili ko gora a ajiye saboda mutuwar inji a tsakiyar ruwa. Ya dubi matuƙin: babba ne da ya san ruwan, ko yaro ne aka bar wa jirgi? Ya dubi rana, ya lissafa zuwa da dawowa, ya ga ko magariba za ta riske su a kan ruwa. Ya dubi gabas, domin hadarin damina a ƙasar nan daga can yake tasowa, kuma iskar da ke gabansa takan iso kafin ɗigon farko.

Abu mafi wuya shi ne faɗa. Tarbiyyarmu ba ta saba da ƙarami ya tsayar da babba ba, ga kunyar idon mutane, ga mai jirgi yana cewa shekara ashirin yana wannan aiki. Amma akwai yadda ake magana ba tare da an zubar da girman kowa ba. "Baba, Allah ya ƙara girma, jirgin nan ya yi nauyi. A yi haƙuri mu jira na gaba, ni zan biya kuɗin." Ko ya ja mahaifiya gefe: "Hajiya, ku da su Falmata ku bari ya sauke waɗannan ya dawo, ba za a daɗe ba." In Kawu ya ce ai kwana in ya ƙare ya ƙare, sai a amsa masa da ladabi cewa gaskiya ne, amma malamai sun koyar da cewa riƙo da sababi yana cikin tawakkali. Mai jirgi ma a ba shi haƙƙinsa: "Malam, mun san ka fi mu sanin ruwa, yara ne da mu. Nawa za mu ƙara ka yi mana sahu biyu?" Sau da yawa lodin banza daga ƙarancin kuɗin fito yake tasowa, kuma wanda aka biya shi kuɗin sahu biyu ba zai yi gardama ba.

Ko da jirgi yana da wuri, hikima ce a raba iyali gida biyu, kowane rukuni da babban da zai kula da yara. A ƙirga kawuna da babbar murya kafin a shiga, a sake ƙirgawa bayan an fita. A shiga ɗaya bayan ɗaya, a taka tsakiya, a zauna ƙasa-ƙasa. Ba miƙewa, ba sauya wuri, ba taruwa gefe ɗaya don kallon kifi ko dorina. Hoton tsaye a bakin jirgi, wanda matasa suka fi so, shi ne ya fi saurin karkata shi.

Riga, goyo da tufafi

Rigar kariya tana aiki ne in ta kama jiki. Bayan an ɗaure maɗaurai, a kama kafaɗun rigar a ja sama. In ta haura har ta rufe kunnuwa, ta yi yawa, kuma a cikin ruwa za ta zame ta bar mai ita. Rigar babba ba ta yi wa yaro, ta yara tana da igiyar da ke ratsa tsakanin ƙafafu don kada ta fice ta kai. Wadda aka zauna a kanta ko aka rataye a hannu ba ta da amfani, domin kifewar jirgi ba ta ba da sanarwa. Masu kallon finafinan kudu ba su manta da jarumi Junior Pope ba, wanda ya nutse a kogin Kwara a watan Afrilun 2024 tare da wasu abokan aikinsa, jim kaɗan bayan ya ɗauki kansa bidiyo a cikin jirgi ba riga a jikinsa. Iyalin da ke yawan bin ruwa gara su sayi nasu rigunan, ko dangi su haɗa kuɗi su ajiye na aro. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai abin da ya shafi mata musamman. An ƙera rigar kariya ne ta yadda za ta kwantar da mutum rigingine, fuskarsa sama. Uwar da ta goya jariri a baya ta faɗa ruwa, jaririn ne zai koma ƙasa. Don haka a kwance goyo kafin a shiga jirgi, a rungume yaro a gaba. Fita ta shaƙatawa kuwa, gara a bar jarirai a tudu tare da wani babba. Dogon hijabi da lafaya da babbar riga suna shan ruwa su yi nauyi, su naɗe ƙafa da hannu. Ba sai an zubar da sutura ba: a sa matsakaicin hijabi, a ɗaura rigar kariya a samansa, a sa wando a ƙarƙashin zani, maza su tuɓe babbar riga su ninke. Waya da kuɗi a ƙulle su a leda, kada wani ya kai hannu ceton waya ya jefa mutum goma cikin ruwa.

Kowane ruwa da halinsa

Alau, mai nisan kimanin kilomita 20 daga gari, an gina ta ne a tsakiyar shekarun 1980 don ruwan shan Maiduguri da noman rani. Ruwan madatsa yana da yaudara: samansa lumui, ƙasansa kututturan itatuwa da laka da ramuka. Kusa da ƙofofin sakin ruwa kuwa akwai jan da ko gwanin iyo ba ya iya masa. Ngadda da rani yashi ne da yara ke buga ƙwallo a kai, amma a watan Agusta da Satumba ruwan da ke gangarowa daga wajen duwatsun Mandara yakan mai da shi wani abu dabam, kuma ramukan da masu ɗibar yashi suka bari ba a ganinsu. Haka kududdufan bayan gari da aka haƙa don gini.

Mai neman dutse da ruwa a wuri guda, irin abin da ya burge shi a hoton Italiya, jihar Borno tana da nata a tudun Biu, inda tafkin Tila yake kwance a cikin ramin tsohon dutse mai aman wuta. Wuri ne na kallo da ɗaukar hoto daga sama. Gangaren irin wannan tafki yana da santsi, kuma an daɗe ana danganta Tila da kadoji, saboda haka ba a sakin hannun yaro, ba a kuma sauka sai da ɗan gari.

Tafkin Chadi ba shi da zurfi sosai, amma faɗinsa da ciyayinsa ke ɓatar da baƙo, ga dorina, ga hazon hunturu da ke shafe gaɓa. A halin da ake ciki, batun tsaro ya sha gaban komai a wannan yanki, da ma kewayen Alau da hanyoyin kudancin jihar. Kafin a ɗauki yara zuwa ko'ina a bayan gari, a tambayi jami'an tsaro da bulama ko lawanin wurin da direbobin tasha, kuma a tambaya a ranar tafiyar, domin labarin makon jiya ba ya aiki. In an ce a dakata, a dakata.

Sai ciwon da ba a gani nan take. Ruwan da ke kwance mai ciyayi yana ɗauke da ƙananan dodon-koɗi masu yaɗa tsargiya, ƙwayar cutar kuma ta fata take shiga. Yaron da ya yi wanka a tafki, bayan wasu makonni aka ga jini a fitsarinsa, a kai shi asibiti. Maganinta yana nan kuma ba shi da wuyar sha.

In wani ya faɗa

A fim, mai nutsewa yana ihu yana ɗaga hannu. A zahiri sau da yawa ba ya iya ko kira, domin duk numfashin da ya samu na shaƙa ne. Za a ga kansa yana sama yana ƙasa, bakinsa daidai fuskar ruwa, cikin ɗan lokaci ya ɓace. Shi ya sa ake ware mutum guda wanda aikinsa kallon yara kawai, ba waya a hannunsa, in ya gaji ya miƙa wa wani da baki.

Wanda bai koyi ceto ba kada ya yi tsalle ya bi mai nutsewa, ko ƙaninsa ne. Mai nutsewa yana ƙanƙame duk abin da ya taɓa, haka ake rasa biyu a maimakon ɗaya. A miƙa masa gora ko filafili ko rawani, mai miƙawa yana kwance a ƙasa don kada a jawo shi. Ko a jefa masa abin da ke yawo a kan ruwa: jarkar lita 25 da ba komai a ciki, in an rufe bakinta da kyau, tana iya riƙe babban mutum. In jirgi ya kife bai nutse ba, a riƙe jikinsa a jira taimako, ya fi a kama iyo zuwa gaɓar da ido ke gani kusa.

Da an fito da mutum, a duba numfashinsa. In ba ya yi, a kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a hura masa iska ta baki, a dinga danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi, wani kuma ya kira lambar gaggawa ta 112 ya nemo mota. A daina juya mutum a kife ana matsa cikinsa wai ruwa ya fito, ɓata lokaci ne kuma yana jawo amai ya toshe maƙogwaro. Ko ya farfaɗo ya ce lafiyarsa ƙalau, a kai shi asibiti, domin ruwan da ya shiga huhu yana iya tayar da matsala bayan sa'o'i. Ƙungiyar Red Cross da 'yan agajin ƙungiyoyin addini suna koyar da wannan taimakon gaggawa, kuma abu ne da ake koya da hannu, karatu kaɗai ba ya wadatarwa.

Koyon iyo

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma in aka kwatanta da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowane yanki asara. A shekarar ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli ta zama ranar yaƙi da nutsewa, ranar da ke faɗowa daidai lokacin da kududdufan Maiduguri ke cika.

Hani kaɗai bai taɓa raba yaro da ruwa ba, sai dai ya sa ya je a ɓoye. Bangladesh, ƙasar Musulmi mai fama da talauci da ambaliya, ta bi wata hanya. A ƙarƙashin shirin SwimSafe, ana kafa shingen gora a cikin tafkin ƙauye, a yi masa daɓe daidai ƙirjin yaro, a horar da matasan garin maza da mata su koya wa yara yin iyo da tsayuwa a kan ruwa da ceto daga tudu. Ba a bukatar wurin wanka irin na otal.

Maiduguri tana da abin da ya fi gora muhimmanci, wato malamai. Rikici ya koro masunta da 'yan fito daga Baga da Doron Baga da tsibiran tafki, da yawansu suna zaune a unguwannin birnin nan suna sayar da kifi ko aikin ƙarfi. Ƙungiyar matasan unguwa, ko makarantar Islamiyya, ko 'yan sikawut, za su iya neman izinin hukuma da na iyaye, su samo wuri marar zurfi mai ruwa mai tsabta, su biya irin waɗannan mutane su koyar, a ware ranar 'yan mata da mata masu koyarwa. Kafin hakan ta samu, matashin da ke shirin fitar sallah mai zuwa yana iya zuwa Tashar Baga ya zauna da wani dattijon masunci, ya gaishe shi, ya gaya masa ruwan da suke son zuwa da watan da za su je da adadin yaran da za su ɗauka, ya saurari abin da zai ce kafin ya kama mota.